LADI KWALI: YUMƁU YA KAI TA TURAI

An haifi Ladi wajen 1925 a ƙauyen Kwali, ƙasar Gwari. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a gida. Takan zana kunama, ƙadangare, kada da kifi a jikin randa, har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya riƙa tara aikinta. A gidansa ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya ga randunanta.

A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu. Ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi dabarun Turawa, amma ba ta yar da zanen gida ba. Ta nuna gwanintarta a Ingila da Amurka. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna a 1984, daga baya aka sa hotonta a takardar naira 20.

Malamanmu na zane, yumɓu bai yi mana nisa ba. Kada mu raina yaron da hannunsa ya fi bakinsa iya magana.