Paul Ehrlich, likitan da ya gano sirrin magani ta hanyar rini

 A filin tarihi na wannan mako mun ɗauko wani likita Bajamushe da ya rasu fiye da shekara 100 da suka wuce. Tambayar da ya yi rayuwarsa yana bi, kowa ya taɓa yin ta: in ka haɗiye ƙwayar magani, jini ya kai ta ko'ina a jiki, ya aka yi take aiki a wuri guda ta bar sauran?

An haifi Paul Ehrlich ran 14 ga Maris 1854 a garin Strehlen, wanda yau yake cikin ƙasar Polan. Tun yana ɗalibin likita ya kamu da son rini. Wani ɗan uwansa, Carl Weigert, shi ya nuna masa yadda ake rina ɗan yankin nama don a gan shi da kyau a madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa. Nan ya lura da abin da duk marini ya sani: baba na kama zanen auduga, amma ba ya kama leda. Jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kuma kowane rini akwai irin ƙwayoyin da yake kamawa, akwai waɗanda yake wucewa. A kan wannan ya rubuta littafin kammala karatunsa a Leipzig a 1878.

A 1882 Robert Koch ya bayyana ƙwayar cutar tarin fuka. Ehrlich ya gyara hanyar rina ta don a riƙa ganin ta cikin majina. Garin wannan aiki shi ma ya kamu da tarin, har ya tafi Masar jinya a 1888. Da ya samu sauƙi ya koma bakin aiki. A 1891 shi da Paul Guttmann suka ba mutum biyu masu zazzaɓin cizon sauro wani shuɗin rini a birnin Berlin, suka samu sauƙi. Dalilinsa shi ne, tunda rinin na manne wa ƙwayar cutar, to yana iya yi mata illa.

Daga nan ya yi aiki da Emil von Behring kan maganin mashaƙo, cutar nan mai shaƙe maƙogwaron yara, wadda ta sake ɓulla a jihar Damagaram da Kano a 2023. Ehrlich ne ya fito da hanyar auna ƙarfin maganin, don kowace kwalba ta zo daidai da ƴar uwarta.

Wannan aiki ne ya kai shi ga babban tunaninsa a 1897. Ya ce a jikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu ƴan makamai, kowane da siffarsa. Dafi, abinci ko magani ba su yin komai sai sun dace da makamar sun manne mata. Kamar akwatin rediyo ne: iska cike take da tashoshi, amma wadda ka murɗo kaɗai za ka ji. In saƙon ya manne, ƙwayar sai ta amsa: ta buɗe ƙofa, ta fitar da wani ruwa, ko ta daina wani aiki. A Ingila ma John Langley ya kai ga irin wannan tunani a 1905. Da yawa sun yi musu, don ba wanda ya taɓa ganin makaman da ido. Sai bayan 1970 masana suka iya ware su a ɗakin bincike.

A 1908 aka ba shi kyautar Nobel tare da Élie Metchnikoff. Bai zauna ba. A Frankfurt ya yi ta gwada sinadarai ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda zai kama ƙwayar cuta ya ƙyale mai ita. A 1909 shi da wani likita ɗan Japan, Sahachiro Hata, suka ga mai lamba 606 na kashe ƙwayar tunjere. A 1910 aka fara amfani da shi da sunan Salvarsan. Maganin na da arsenik, ya wahalar da wasu majinyata, aka yi ta zagin Ehrlich a jaridu. Ya rasu ran 20 ga Agusta 1915 a Bad Homburg, yana da shekara 61.

To, ina ruwanmu da wannan? Mai ciwon suga, sau da yawa insulin na nan cikin jininsa, ƙwayoyin jikin ne suka rage jin saƙon, sai suga ya taru. Matashin da ya saba da tramol, jikinsa ya dakushe ga ƙwayar, shi ya sa biyu ba ta isarsa sai huɗu. Manomin Jiratawa da ya yi feshi ba safar hannu ba rufe hanci, wasu magungunan ƙwarin na rikita saƙon jijiyoyinsa kamar yadda suke rikita na ƙwaro.

Haka ƙwayar da ake saye a tire a tasha ko kasuwa. Mai tallan bai san abin da za ta kama a jikinka ba, bai san adadin da zai ishe ka ba. Ƴan uwa na waje masu aiko da magani gida, ku ma a kula: wanda ya yi wa abokin aikinka amfani yana iya cutar da tsohuwarka. A kai ta asibiti ko gidan likita mafi kusa a auna ta tukuna, sannan a sayi abin da aka rubuta, a sha yadda aka ce.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.