Farfesa Osuntokun: Likitan Da Ya Binciki Gubar Rogo Da Cutar Mantuwa

An haifi Benjamin Oluwakayode Osuntokun a garin Okemesi, cikin Jihar Ekiti ta yanzu, a shekarar 1935. Ya yi karatun sakandare a Ado-Ekiti, kana ya shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan, inda ya zama likita a 1961. Daga nan aka tura shi Newcastle a ƙasar Ingila domin ya ƙware kan cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ya zama farfesa a 1970.

Da ya komo gida sai ya tarar da wata cuta ta addabi talakawan yankin Epe da Ijebu. Mai ita yakan riƙa tangaɗi in yana tafiya, ƙafafunsa su sage, ganinsa ya dushe, jinsa ya ragu. Osuntokun ya auna jinin marasa lafiyan, ya kuma binciki cimarsu. Ya gano cewa rogo ne kusan dukan abincinsu, kuma jikinsu na ɗauke da alamar gubar sayanaid, wadda ke cikin rogo mai ɗaci idan ba a jiƙa shi ya tsimu an shanya sosai ba. Wannan gargaɗi ne ga kowane gida da ke cin rogo, har a nan Arewa.

A ƙarshen rayuwarsa ya mai da hankali ga cutar mantuwa ta tsofaffi, watau Alzheimer, wadda kan soma cin sashen ƙwaƙwalwa mai ajiye sabon abu, har mutum ya kasa gane 'ya'yansa. A 1992 shi da Dakta Hugh Hendrie suka fara kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fata na Indianapolis a Amurka, masu shekara 65 zuwa sama. Sakamakon da aka buga a 1995 ya nuna larurar gushewar tunani ta kama kimanin mutum 2 cikin 100 a Ibadan, amma 8 cikin 100 a Indianapolis. Wannan ya sa masana suka ƙara lura da abinci, da hawan jini, da yanayin zama, ba gado kaɗai ba.

Osuntokun ya rasu a 1995, yana da shekara 60. Likitocin da ya horar sun ci gaba da binciken shekaru da dama bayansa.