Linus Pauling, malamin kimiyyar da ya ƙi yin shiru a kan gwajin makaman ƙare-dangi

Ran 10 ga watan Oktoba na shekarar 1963 aka fara aiki da yarjejeniyar da ta hana gwada bam ɗin nukiliya a cikin iska da sararin samaniya da ƙarƙashin ruwa. A wannan rana ce kuma aka ba da sanarwa daga birnin Oslo cewa an ba wani malamin kimiyya ɗan ƙasar Amurka, mai suna Linus Pauling, lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya. Kafin wannan rana, mutumin ya sha wuya a hannun gwamnatin ƙasarsa: an taɓa hana shi fasfo, ya rasa muƙaminsa, an kuma gurfanar da shi gaban majalisa kamar mai laifi.

An haifi Pauling ran 28 ga watan Fabrairu 1901 a birnin Portland, cikin jihar Oregon. Mahaifinsa mai kantin magani ne, ya rasu yaron yana da shekara 9, ya bar gidan cikin talauci. Da ƙananan ayyuka Pauling ya riƙa biyan kuɗin lakkol har ya shiga kwalejin aikin gona ta jiharsu. A can ya haɗu da Ava Helen Miller, suka yi aure a 1923. Ya sami digirinsa na dakta a 1925 a cibiyar fasaha ta Kalifoniya da ake kira Caltech, inda ya yi suna wajen bayyana yadda ƙwayoyin zarra ke ɗaure juna su zama abubuwan da ido ke gani. A 1949 shi da abokan aikinsa suka gano cewa ciwon amosanin jini, wanda ake kira emasi, yana da tushe cikin wani ɗan lahani a sinadarin da ke ɗaukar iska cikin jan jini. Wannan ciwo ne da gidaje da yawa na ƙasar Hausa suka san zafinsa. A 1954 aka ba shi lambar Nobel ta ilmin haɗa sinadarai.

Lokacin yaƙin duniya na biyu an nemi ya shugabanci sashen sinadarai a aikin ƙera bam na farko, bai karɓa ba. Amma abin da ya faru a Hiroshima da Nagasaki a 1945 ya tsaya masa a rai, matarsa kuwa ta yi ta ƙarfafa shi ya fito ya yi magana. A 1946 ya shiga wani kwamiti na masana da Albert Einstein ke shugabanta, masu gargaɗin jama'a a kan sabon makamin. A wancan zamani na gaba tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat, duk wanda ya ambaci zaman lafiya sai a zarge shi da kwaminisanci. Saboda haka a 1952 aka hana shi fasfo, ya kasa zuwa wani babban taron masana a Landan inda ake jiran bayaninsa.

Ran 1 ga watan Maris 1954 Amurka ta tayar da wani ƙasaitaccen bam a tsibirin Bikini, cikin tekun Pasifik. Tokarsa ta zuba a kan mutanen tsibiran da ke kusa, da kuma wani jirgin masunta na Japan mai ɗauke da mutum 23; duka suka kamu da ciwo, ɗaya ya rasu bayan wata shida. Daga nan Pauling ya mai da hankalinsa ga ƙurar gwaji. Bayanin da yake yi wa jama'a mai sauƙi ne. Iska tana ɗaukar ƙurar ta zaga duniya da ita, ruwan sama ya sauko da ita kan ciyawa, shanu su ci, ta shiga nono. A cikinta akwai wata guba mai suna sitirontiyom-90, wadda jiki ke ɗauka tamkar sinadarin gina ƙashi, sai ya ajiye ta cikin ƙasusuwa da haƙoran yara, inda take iya haifar da ciwon daji bayan shekaru. Hukumomi suna cewa abin kaɗan ne. Shi kuma yana amsawa da lissafi, cewa kaɗan ɗin idan aka ninka shi da yawan mutanen duniya, rayuka ne masu yawa na waɗanda ba a shawarce su ba.

A watan Mayu 1957, bayan wata lacca a birnin St. Louis, ya rubuta takardar roƙo ta neman a daina gwaji. Daga gidansu shi da matarsa suka riƙa aika ta ga masana ta gidan waya. Cikin ƴan makonni masana fiye da 2,000 na Amurka suka sa hannu. A watan Janairu 1958 suka miƙa ta ga Dag Hammarskjöld, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ɗauke da sunaye 9,235, daga baya adadin ya kai 11,021. A ƙarshen wannan shekara Amurka da Ingila da Tarayyar Sobiyat suka dakatar da gwaji. A shekarar ce kuma matsin lamba ya sa Pauling ya sauka daga shugabancin sashensa a Caltech.

Dakatarwar ba ta shafi Faransa ba. Ran 13 ga watan Fabrairu 1960, wata shida kafin Nijar ta sami ƴancin kanta, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya. Ta yi gwaji 4 a fili a can, sa'an nan 13 ƙarƙashin dutse a In Ekker har zuwa 1966. Gana ta yi zanga-zanga, Najeriya ta yanke hulɗa da Faransa a 1961. Takardun sojan Faransa da aka bayyana a 2014 sun nuna ƙurar gwajin farko ta bazu kan Afirka ta Yamma har ta kai kudancin Turai. Abin da Pauling ya daɗe yana faɗa ke nan, cewa iska ba ta san iyakar ƙasa ba.

Jarrabawarsa mafi tsanani ta zo a watan Yuni 1960. Wani kwamitin majalisar dattawan Amurka, ƙarƙashin sanata Thomas Dodd, ya kira shi ya umarce shi da ya ba da sunayen waɗanda suka taimaka masa tattara sa hannu. Ƙin bin umarnin yana iya kai mutum kurkuku. Pauling ya san yawancinsu matasan malamai ne da za su iya rasa abincinsu, don haka ya ƙi. Aka sake kiransa a watan Oktoba, ya sake ƙi. Kwamitin bai iya hukunta shi ba.

Da Tarayyar Sobiyat ta koma gwaji a 1961, ya aika wa Khrushchev saƙon ƙin amincewa, kamar yadda ya aika wa Kennedy da Amurka ta bi sahu. A watan Afrilu 1962 ya ɗauki allon zanga-zanga a ƙofar fadar shugaban Amurka da rana, da dare kuma ya shiga fadar cin liyafar da aka shirya wa masu lambar Nobel. Bayan rikicin Kuba, wanda ya kusa jefa duniya cikin wuta, ƙasashen uku suka sa hannu kan yarjejeniyar a Mosko ran 5 ga watan Agusta 1963. Lambar da ta biyo baya ba ta faranta wa kowa rai a gida ba. Wasu jaridu sun ɗauke ta cin mutunci ga Amurka. Pauling ya bar Caltech bayan fiye da shekara 40.

Yarjejeniyar ba ta hana gwaji ƙarƙashin ƙasa ba, Faransa da Sin kuma ba su shiga ba. Faransa ta daina gwaji a fili a 1974, Sin a 1980. A ƙarshen rayuwarsa Pauling ya duƙufa kan bitamin C, yana ganin shan sa da yawa magani ne na mura har da ciwon daji, amma binciken likitoci bai gaskata shi ba. Matarsa ta rasu a 1981. Shi kuma ya rasu ran 19 ga watan Agusta 1994 a gonarsa ta Big Sur, yana da shekara 93, shi kaɗai ne ya taɓa samun lambar Nobel biyu ba tare da an raba shi da kowa ba. Shekara biyu bayan rasuwarsa, a 1996, aka fara sa hannu kan yarjejeniyar hana kowane irin gwaji, wadda ba ta fara aiki ba saboda wasu manyan ƙasashe ba su tabbatar da ita ba. A shekarar ce kuma ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniyar Pelindaba, wadda ta haramta makaman ƙare-dangi a nahiyar, ta fara aiki a 2009.