Paul Hunter: Saurayin da ake yi wa nisa, ya dawo ya ɗauke kofi

Idan kana cikin masu tsayawa a teburin sinuka da daddare, a Roni ne ko a Kazaure, ka san abin da ke faruwa idan aka cinye mutum sau uku a jere. Sai ka ga ya fara duba sanda wai ta lanƙwashe, ko ya ce teburin a karkace yake, ko ya tuna an aike shi gida. Wasan bai ƙare ba, amma shi tuni ya haƙura. To yau labarin wani saurayi ɗan Ingila na kawo maka, wanda sau uku yana kaiwa wasan ƙarshe na wata babbar gasa, sau uku ana yi masa nisa, kuma duk ukun shi ya tafi gida da kofin. Sunansa Paul Hunter, ya rasu tun 2006 yana ɗan shekara 27.

Kafin mu shiga labarin, ka sani wanda muke bugawa a nan, mai ƙaramin tebur da ƙwallaye masu lamba, ƙanin sinukar ƙwararru ne. Tasu teburin ƙafa 12 ne a tsawo, 6 a faɗi. Akwai jajayen ƙwallaye 15, kowanne maki ɗaya, sai masu launi guda shida, daga rawaya mai maki 2 har zuwa baƙi mai maki 7. Ka jefa ja a rami, ka jefa mai launi, ka sake komawa kan ja. Muddin ba ka kuskure ba, sanda na hannunka, abokin karawarka kuwa yana zaune a kan kujera a gefe. A nan wahalar wasan take. A ƙwallon ƙafa idan an ci ka za ka iya ruga da gudu ka ƙwato ƙwallo. A sinuka babu wannan. Kana zaune da kofin ruwa, kyamara na kan fuskarka, kana kallon wani yana kwashe maki, ba ka da abin yi sai jira. Abin da ya shiga ranka a kan wannan kujerar, da shi za ka tashi idan damarka ta zo.

An haifi Paul Hunter ranar 14 ga Oktoba, 1978, a birnin Leeds, garin Leeds United da ka sani. Tun yana yaro ya kama sanda, kuma a 1995, yana ɗan shekara 16, ya shiga sahun ƙwararru. Shekara guda bayan nan ya kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Welsh Open, bayan ya fitar da Stephen Hendry, wanda a lokacin shi ne dodon wasan. A 1998 ya ɗauki kofin wannan gasa, ya doke John Higgins 9 da 5, yana ɗan shekara 19.

Kar ka ɗauka wani waliyyi ne. Yaro ne mai kyau, ga dogon gashi, ga kuɗi da suna sun zo da wuri, har 'yan jarida suna kwatanta shi da David Beckham. Ya sha yawon dare, kuma hukumar wasan ta taɓa cin tararsa bayan gwaji ya nuna tabar wiwi a jikinsa. Bayan kofin 1998 ya yi shekaru bai sake ɗaukar wani babba ba. Irin wannan hanyar ta cinye masu baiwa da yawa, a can da nan. Shi dai ya dawo ya riƙe atisaye, sakamakon kuma ya fito a gasar Masters.

Masters gasa ce da ake gayyatar manyan 'yan wasan duniya, a wancan lokacin a zauren Wembley da ke Landan. A wasan ƙarshe, wanda ya fara cin zagaye goma shi ke da kofi. Ana farawa da rana, a huta, a dawo da dare.

A 2001 Hunter ya haɗu da Fergal O'Brien ɗan ƙasar Ireland. An tashi zaman rana O'Brien na da 6, shi yana da 2. Da aka dawo da dare abin ya kai 7 da 3, wato saura zagaye uku a miƙa wa O'Brien kofi. Daga nan labari ya sha bamban. A cikin zagaye shida, sau huɗu Hunter yana tara maki sama da ɗari a tashi ɗaya ba tare da ya kuskure ba. Ka tuna, kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana nufin jefa ƙwallaye sama da ashirin a jere, kana lissafin inda farin ƙwallo zai tsaya bayan kowane bugu. Wanda hannunsa ke rawa ba zai iya ba. Aka kai 9 da 9, ya cinye zagayen ƙarshe. Shekararsa 22.

A 2002 ya sake zuwa, wannan karon da Mark Williams, zakaran duniya na shekarar 2000. Williams ya cinye zagaye biyar na farko, Hunter ko ɗaya bai samu ba. Biyar da nema, a gaban dubban mutane da gidan talabijin. Ka yi tunanin kanka a kan wannan kujerar. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya kamo, aka sake zuwa zagayen ƙarshe, ya ci 10 da 9. A wannan shekarar kuma ya ƙara ɗaukar Welsh Open da British Open.

To amma ba kullum ake kwana a gado ba. A 2003, a gasar cin kofin duniya da ake yi a zauren Crucible na birnin Sheffield, Hunter ya kai wasan kusa da na ƙarshe da Ken Doherty. A nan wanda ya fara kai 17 shi ya wuce. Hunter na da 15, Doherty na da 9, saura masa zagaye biyu kacal ya kai wasan ƙarshe na kofin da kowane ɗan sinuka ke mafarki. Sai aka yi masa abin da ya saba yi wa mutane. Doherty ya cinye takwas daga cikin zagaye tara da suka rage, aka tashi 17 da 16. Hunter bai taɓa sake kaiwa kusa haka a gasar duniya ba.

Ni a wurina, abin da ya biyo bayan wannan kayen ya fi duk sauran. Akwai 'yan wasan da irin wannan ke karya su har ƙarshen sana'arsu. Duk lokacin da aka fara matso su sai su tuna. Wata tara bayan Sheffield, a Fabrairun 2004, Hunter ya sake kai wasan ƙarshe na Masters, kuma da Ronnie O'Sullivan, wanda 'yan watanni bayan nan ya zama zakaran duniya. O'Sullivan ya yi gaba 6 da 1, daga baya 7 da 2. Hunter ya tara maki sama da ɗari har sau biyar a wannan wasan, ya kuma ci 10 da 9. Kofin Masters uku cikin shekara huɗu, duka a zagayen ƙarshe, duka daga baya. Ya kai matsayi na huɗu a duniya, ya yi aure a wannan shekarar, komai na tafiya daidai.

A farkon 2005 likitoci suka gano ciwon daji a cikinsa, wani iri da ba a cika samu ba. Shekararsa 26. Bai ɓoye ba, bai kuma ajiye sanda ba. 'Yan kwanaki bayan an sanar, ya buga gasar duniya, Michael Holt ya fitar da shi 10 da 8. Aka fara yi masa maganin daji mai ƙarfi, gashin nan da aka san shi da shi ya zube, jiki ya yi rauni, ya fara rasa jin yatsunsa sosai. Ga mai wasan da komai ya dogara da yadda hannu ke jin sanda, ka san me wannan ke nufi.

A duk kakar 2005 zuwa 2006 wasa ɗaya tak ya ci, kuma ko shi daga baya ya taho. A gasar UK Championship, Jamie Burnett na da 8, shi yana da 6, wanda ya kai 9 ya wuce. Ya cinye ukun ƙarshe bayan sa'o'i sama da shida a tebur. A watan Disamban nan aka haifa masa 'ya mace. Wasansa na ƙarshe shi ne a gasar duniya ta 2006, inda Neil Robertson ɗan Ostareliya ya doke shi 10 da 5. Ya faɗo zuwa matsayi na 34, har hukumar wasan ta sauya dokarta don a riƙe masa matsayinsa ya tafi jinya na shekara guda. Bai dawo ba. Ya rasu ranar 9 ga Oktoba, 2006, a Huddersfield, kwana biyar kafin ya cika 28.

An kafa gidauniya da sunansa don yaran marasa ƙarfi su samu damar koyon wasan, aka sa wa wata gasa a garin Fürth na Jamus sunansa, sannan a 2016 aka sanar cewa kofin Masters kansa zai koma Kofin Paul Hunter. Tun daga 2017 duk wanda ya ci gasar, kofin da ke ɗauke da sunansa yake ɗagawa.

Na san wahalar da ke gabanka ba ta teburin Wembley ba ce. Wataƙila JAMB ce karo na uku, ko kwas ɗin da ya maƙale maka, ko 'yar sana'ar da jarinta ya karye, ga abokai suna ta ɗora hotunan nasara a Facebook da TikTok kana kallo daga kujera. Wanda aka yi wa 7 da 2 ba shi da hanyar cin zagaye takwas a bugu ɗaya. Abin da ke gabansa zagaye ɗaya ne, a cikinsa ma ƙwallo ɗaya, kuma haka Hunter ya riƙa bin su. Wani lokaci ya kai, wani lokaci kamar na Sheffield bai kai ba, amma ba a taɓa ganin ya bar wasan kafin wasan ya ƙare ba. In ka je tebur yau aka ci ka uku a jere, ka goga alli a bakin sanda ka ce a sake jerawa.