ALBRECHT DÜRER, MAI SURAR ƊAKIN JEGO

An haifi Albrecht Dürer a birnin Nurembag ta ƙasar Jamus ran 21 ga Mayu, 1471. Ubansa maƙerin zinariya ne, mutumin Hangari. Uwarsa Barbara ta haifi 'ya'ya 18, amma uku kaɗai su ka girma. Tun yana ƙarami ya fara koyon ƙira wurin ubansa, sai aka ga hannunsa ya fi karkata ga zane. Saboda haka cikin 1486 aka kai shi almajiranci wurin wani gwani, Michael Wolgemut.

A nan ne ya koyi bugun sura da itace. Ga yadda a ke yi: sai a zana sura a kan allo, a sa wuƙa a sassaƙe duk inda babu zane, sa'an nan a shafa tawada a danna takarda, kamar dai yadda a ke buga hatimin Alkali. Allo guda ya kan buga ɗaruruwa, watau abin da dā sai a fāda ko majami'a a ke gani, ga shi ya shigo kasuwa. Uwarsa da matarsa Agnes, wadda ya aura cikin 1494, su ne su ka riƙa sayar masa da takardun.

Wajen 1503 ya zana haihuwar Nana Maryamu. Maimakon fadar sarauta, sai ya nuna ɗakin jego irin na garinsu. Ga Hannatu kwance bisa gado, ta jigata. Wata daga masu jinya barci ya kwashe ta a gefen gadon, wata na riƙe da jaririya za ta yi mata wanka, waɗansu kuwa sun zauna suna hira, ana kafa kai a tulu. In ban da mala'ikan da ya zana daga bisa, duk matar Bakura ko Mafara da ta taɓa kwana wurin mai naƙuda za ta shaida ɗakin nan. Ba mamaki ya san shi haka, gama ya taso a gidan da aka yi ta haihuwa ana binnewa, shi kuwa Allah bai ba shi haihuwa ba. Cikin 1511 ya haɗa surar da 'yan'uwanta a littafi mai sura 20.

Ya je Italiya sau biyu neman ƙarin sani. Cikin 1515 Sarki Maximilian ya yanka masa albashin gulda 100 kowace shekara. Cikin 1520 ya tafi ƙasashen Holan da Beljiyam na yau, ya komo da ciwo, ya rasu ran 6 ga Afrilu, 1528, yana da shekara 56.

To, jama'a, mutumin da sarakuna su ka girmama bai raina wahalar matan gida ba. Shekara 500 ke nan da 'yan kai, ana nan ana duban gajiyarsu.