Sonja Henie: Sarauniyar Ƙanƙara da Tabon da Zinare Bai Rufe Ba

An haifi Sonja Henie a birnin Oslo na ƙasar Norway a 1912, 'yar wani attajiri mai fataucin fatu. Tana da shekara 11 ta shiga gasar Olamfik ta hunturu ta 1924 a Faransa, a wasan rawar zamiya kan ƙanƙara, ta zo ta ƙarshe cikin mata takwas.

A 1927 ta zama zakarar duniya a Oslo, amma nasarar ta bar baya da ƙura. Uku daga cikin alƙalai biyar 'yan Norway ne, kuma su suka fifita ta a kan Herma Szabo ta Austriya, mai riƙe da kambin. Szabo ta bar wasan, hukumar wasan ta duniya kuwa ta kafa dokar alƙali ɗaya daga kowace ƙasa.

Henie ta riƙe kambin duniya shekara goma a jere, ta ci zinaren Olamfik a 1928, 1932 da 1936. Har yau babu macen da ta kamo ta a wasan mutum ɗaya.

A 1936 ta yi wa Hitler gaisuwar 'yan Nazi a Berlin, daga baya ta amsa gayyatarsa zuwa cin abinci. Da Jamus ta mamaye Norway a 1940, tana Amurka tana tara dukiyar fim, mutanen ƙasarta suka zarge ta da juya wa 'yan gwagwarmaya baya.

Sankarar jini ta kashe ta a 1969, cikin jirgin sama, a kan hanyar komawa Oslo.