Dennis Ritchie: Mai harshen C da bashin da magadansa ke biya

A ranar 12 ga Oktoban 2011 aka tsinci gawar Dennis Ritchie a gidansa da ke jihar New Jersey ta Amurka, mako guda bayan rasuwar Steve Jobs. Duniya na cikin jimamin Jobs, ba ta waiwaye shi sosai ba, alhali duk mai riƙe da wayar Android yana cin gajiyar aikinsa.

An haife shi a 1941, ya yi karatu a Jami'ar Harvard, ya kama aiki a cibiyar bincike ta Bell Labs a 1967. A can shi da Ken Thompson suka gina Unix, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta. Ritchie ya ƙirƙiri harshen rubuta manhaja na C, kuma a 1973 suka sake rubuta zuciyar Unix da shi, wato sashen da ke iko da ma'ajiya da dukkan sassan na'ura. Sun samu lambar yabo ta Turing a 1983.

An gina C bisa yarda da gwanintar mai rubutu. Saboda sauri, harshen ba ya bincika ko bayanin da aka shigar ya fi ƙarfin gurbin da aka tanadar masa. Ƙa'idar harshen ta 1989 ma ta lissafa kurakuran da ba ta fayyace sakamakonsu ba: na'ura na iya tsayawa, ko ta ci gaba da ɓarna a ɓoye.

Tun a Nuwamban 1988 aka ga illar wannan sassauci, lokacin da wata manhaja mai yaɗa kanta ta gurgunta dubban kwamfutoci a intanet. Ɗaya daga cikin ƙofofin da ta bi shi ne umarnin gets, mai karɓar rubutu ba tare da auna tsawonsa ba. Wanda ya sake ta ɗalibi ne, ɗan Robert Morris, tsohon abokin aikin Ritchie.

Zuciyar Linux, wadda Android ke tsaye a kanta, da C aka rubuta ta. Kuskure guda a cikinta kan iya miƙa wa ɗan kutse ragamar waya baki ɗaya, har da saƙonnin ɗan jarida ko ɗan gwagwarmaya. Shi ya sa masu kula da ita ke bin layi-layi suna ƙara tantance duk abin da ke shigowa, kuma a 2022 suka buɗe ƙofa ga harshen Rust mai tsauraran ƙa'idoji.

Shi kuwa umarnin gets, sai a Disamban 2011 aka cire shi daga ƙa'idar C, wata biyu bayan rasuwar Ritchie.